Malam Barau Maɗori da Ɗakin Kwana Arba'in

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Abdulgafar, wanda jama'a suka fi sani da Barau Maɗori, a garin Mabai ta ƙasar Ƙanƙara a daminar shekarar 1951, ana tsakiyar noman farko. Mahaifinsa Malam Mani maɗori ne ɗan maɗori. Mahaifiyarsa Halimatu Sa'adiya 'yar manoman auduga ce daga Daudawa. 'Ya'ya uku suka riga shi zuwa duniya, ukun duka suka koma kafin yaye, saboda haka ranar suna kakarsa ta ƙi kiransa da sunan da aka raɗa masa, ta ce Barau, kuma sunan da ya bi shi ke nan har kabari.

Ya taso yadda kowane yaron Mabai na wancan zamani ya taso. Da rani yana waje daga hantsi har faɗuwar rana, daga shi sai ɗan bante, yana bin awaki. Da damina, lokacin da hadari kan rufe sama kwana biyu ko uku a jere, shanu sun ƙoshi, nono ya wadata har ana ba karnuka, zabi kuma suna zuba ƙwai a gindin kowace ciyawa. Manya sun hana yara cin ƙwai, amma babu yaron da bai gasa na zabi a bayan gari ba. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin tsari. Haka shekara take juyawa, idan rana ta ja baya abinci ya matso, idan nono ya ƙafe rana ta dawo.

Karatu

Ya fara karatun allo a zauren limamin Mabai yana da shekara biyar. A 1960 aka sa shi makarantar firamare a Ƙanƙara, ya zauna a gidan ƙanen mahaifinsa shekara huɗu. A 1964 Malam Mani ya je da kansa ya ɗauko shi, bisa hujjar cewa hannun maɗori tun yana ɗanye ake horar da shi. Ya bar makaranta yana iya karatu da rubutu da boko da ajami, ya kuma sauke Alƙur'ani a 1968.

Koyon sana'a da ƙa'idar gida

Shekara goma sha ɗaya ya yi a gaban mahaifinsa. Ya koyi rarrabe karaya da tsagewa da targaɗe da gocewar ƙashi ta hanyar taɓawa kawai, ya koyi jan ƙafa har ƙashi ya koma mazauninsa, da shafa man shanu, da jera kara, da ɗaurin da ba ya kashe jini.

Gidansu yana da ƙa'ida ɗaya da ta bambanta shi da sauran gidajen ɗori. A bayan gida akwai ɗaki na ƙasa marar taga, ƙofarsa a rufe da asabari biyu. Duk wanda aka yi wa ɗori a nan zai kwanta kwana arba'in cur, rana ba za ta taɓa shi ba. Malam Mani yakan ce rana tana narkar da mai, ta sassauta ɗauri, ƙashi kuma a duhu yake haɗuwa kamar yadda ya fara haɗuwa a cikin uwa. Kowace safiya matan rugar wani bafulatani mai suna Gide, amininsa, sukan kawo ƙwaryar nono, a dama fura a kai wa majinyaci. Wannan ba a ƙirga shi cikin ƙa'ida ba. Abinci ne kawai, abin da ake da shi ke nan.

Malam Mani ya rasu a 1975. A jinyarsa ya damƙa wa ɗansa wasiyya guda, ya ce ko hakimi ne ya roƙa, kada a fito da kowa daga ɗakin nan kafin arba'in ta cika. Barau ya yi alkawari a gaban shaidu biyu.

Aiki

Ya gaji sana'ar yana da shekara ashirin da huɗu. A shekarun farko yawancin majinyatansa manoma ne da suka faɗo daga kan kuka ko rumbu, da makiyayan da sa ya tunkuya. Daga wajajen 1995, da babura suka cika hanyoyin karkara, aikin ya ninka, aka riƙa kawo masa mutane a bayan a-kori-kura daga Faskari da Sabuwa da Daudawa, har sai da ya gina ɗaki na biyu, shi ma babu taga. Ba a san shi da yawan magana ba. Yakan taɓa ƙafa, ya faɗi inda ta karye da gida nawa, ya ce a riƙe masa mutumin. Waɗanda suka fito daga ɗakinsa sukan fito suna kare ido da hannu, amma da ƙafarsu suke fitowa, wannan kuwa ya ƙara masa yaƙini a kan maganar mahaifinsa.

A shekara arba'in na farkon aikinsa, yaran da ya gani da ƙafar baka ko gwame mai tsanani ba su cika yatsun hannu biyu ba. Yakan ce wa iyayensu halitta ce, ba aikin maɗori ba ce, su koma gida.

Aure da zuri'a

A 1976 ya auri Asma'u 'yar Faskari, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Sun haifi 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu da ƙuruciya. Na fari shi ne Muhammad Awwal, wanda aka haifa ranar Litinin a 1978, uwarsa ba ta faɗin sunansa saboda alkunya, sai ya tashi da Ɗanliti. Shi ya riƙe gonaki da shanun gidan. Ƙanensa Rabo shi ya zauna a gaban uban yana koyon ɗori. Ɗanliti ya jima bai sami haihuwa ba, sai a 2017 matarsa Bilki ta haifi namiji, aka sa masa Adnan.

Tafiyar shanu da ƙaura

A 2015 ɓarayin daji suka kore garken rugar Gide gaba ɗaya. Iyalan rugar suka tashi suka yi kudu, ƙwaryar nonon da ta yi fiye da shekara sittin tana shigowa gidan kowace safiya ta daina zuwa. Asma'u ta wanke ta, ta rataye a bango. Aka koma kai wa majinyata kunun masara. Malam Barau bai ga wani abu ya ragu daga sana'arsa ba, tun da ɗakin yana nan.

A 2018 aka kore shanun gidan guda shida. A watan Agusta na 2019, dawa ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum a kan babur, aka tarar da Ɗanliti a gonarsa da rana tsaka aka harbe shi. Bilki tana da ciki wata huɗu. A watan Oktoba, ba tare da an girbe komai ba, Malam Barau ya kwashe iyalinsa zuwa cikin garin Ƙanƙara, suka kama ɗaki uku a gidan wani Alhaji ɗan kasuwa. Mai gidan ya riga ya rufe tsakar gidan ruf da kwano, don kada a hauro ta katanga, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa Malam Barau ya zaɓi gidan. Ya toshe tagar ɗaki ɗaya da bulo ya mayar da shi ɗakin ɗori.

Bilki ta yi takabarta a ƙarƙashin kwanon nan har ta haihu ranar Laraba, 8 ga Janairu, 2020. Aka sa wa yarinyar Fatimatuzzahra, ana kiranta Larai. Daga takaba uwar ta shiga jego. Bayan sace ɗaliban makarantar garin da aka yi a ƙarshen wannan shekarar, Malam Barau ya kafa doka cewa jikokinsa biyu ba za su taka ƙofar gida ba, musamman da damina idan daji ya rufe. Ya riga ya binne ubansu, ya ce ba zai binne su ba. Abincin gidan ya koma tuwon masara da safe da dare, da rana garin kwaki. Madara da kifi da hanta sun zama abin Sallah.

Ciwon da bai gada ba

Da kakar 2021 Adnan, yana da shekara huɗu, ya fara ƙin tashi. Idan ya tsaya, ƙafafunsa sai su buɗe kamar baka, ya yi ta kukan ciwo. Malam Barau ya taɓa, ya rasa karaya, ya rasa targaɗe. A wannan watan kuma aka kawo masa yara huɗu masu irin ƙafar, dukansu 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka cunkushe a ɗakunan haya. Abin da bai gani sau goma a shekara arba'in ba, sai ga biyar a wata guda. Ya kaɗu ƙwarai. Ya yanke cewa wannan ya wuce halitta, ƙashi ne ya kauce, ƙashin da ya kauce kuwa ya san maganinsa. Ya miƙar da ƙafafun jikansa iya yadda za su miƙe, ya jera kara, ya ɗaure, ya rufe shi kwana arba'in.

Da aka kwance, ƙafafun sun fi da lanƙwasa. Ya ɗauka ɗaurin ne bai yi ƙarfi ba, ya sake a watan Janairu. Ya sake na uku a watan Yuni na 2022, kuma a wannan karon, yana jan ƙafar hagu a hankali yadda ya saba, ƙashin ƙwaurin ya karye a hannunsa. Bai yi ƙara irin ta ƙashi ba, ya lanƙwashe ne ya tsage kamar ɗanyen kara. Rabo, wanda ke riƙe da yaron, ya shaida cewa mahaifinsa ya daɗe yana kallon tafin hannunsa yana maimaita innalillahi, domin shekara arba'in da bakwai yana haɗa ƙashi, bai taɓa karya na kowa ba. Ya ɗora karayar, ya rufe ɗakin. Jimillar kwanakin da Adnan ya yi a duhu ɗari da ashirin ne. Zuwa ƙarshen wannan shekarar, yaran da suka kwanta a ɗakin saboda wannan ciwo, ban da jikokinsa, sun kai goma sha tara, kuma mafi yawansu da kaka aka kawo su.

Larai

Larai ta kusa shekara uku ba ta yi tafiya ba. Wuyan hannunta ya kumbura, a haƙarƙarinta akwai ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi, ƙafafunta sun fara bin hanyar na yayanta. Baki kuwa tana da shi. Ita kaɗai ce a gidan ke kiran Malam Barau da tsoho, shi kuma yana kiranta gurguwar amarya. Ranar Litinin, 24 ga Oktoba, 2022, ya ɗaure ta ya shigar da ita ɗakin.

Bilki, wadda tun aurenta ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukinta ba, ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi magana.

"Baba, ɗaya ya shiga sau uku."

"Na sani."

"Tau ita kaɗai ta rage mani mai ƙafa."

Ya saki asabari.

A kwana na tara, da hantsi, jijjiga ta kama yarinyar, hannuwanta suka ƙage, ta shiɗe. Ba a jira izininsa ba. Bilki ta sunkuce ta da karan ɗorin a ƙafarta ta fita, Asma'u na biye, shi kuma ya bi su asibiti a baya.

Likitan da ya karɓe ta, Dakta Salahuddeen, ɗan garin ne da bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasashen sanyi ba. Bayan an yi mata allura jijjigar ta lafa, ya sa aka kwance karan, ya duba wuyan hannun da haƙarƙarin, ya aika a ɗauko hoton ƙashi. Sannan ya tambayi Bilki yaushe rabon yarinyar da zama a rana.

Bilki ta dubi Asma'u. Asma'u ta fara ƙirge da yatsu, ta tsaya. Sau biyu aka taɓa fita da ita, duka zuwa rigakafi, a goye a cikin hijabi.

"A Ƙanƙara?" in ji likitan. "Shekara uku a Ƙanƙara rana ba ta taɓa fatarta ba?"

Ya ce inda ya yi karatu, da hunturu rana takan faɗi kafin la'asar, wata huɗu ba ta da ƙarfin komai, shi ya sa ake ɗiga wa jarirai magani a baki ana ba yara man kifi. A can ya san wannan ciwo. Bai taɓa kawowa a ransa zai dawo ya tarar da shi a garin da rana ke fasa ƙasa ba. Ya bayyana musu cewa fata ce ke haɗa wani sinadari, bitamin D, idan rana ta taɓa ta, kaɗan kuma ana samu a ƙwai da kifi da hanta. In babu shi, ƙashi ba ya iya riƙe abin da ke ƙarfafa shi, abin da ke ƙarfafa shi ɗin kuwa a nono ya fi yawa. Jiki yana ajiye na rani ya ci da damina. Yaron da aka kulle wata huɗu na damina saboda tsoro, ga hadari, ga babu nono babu ƙwai, ajiyarsa takan ƙare daidai kaka.

Malam Barau ya ɗago kai da jin an ambaci kaka. Da aka kawo hoton, likitan ya ɗaga shi a taga. Mutumin da ya san ƙashi da yatsa shekara hamsin da takwas ya ga na jikarsa da ido, bakin kowane ƙashi a barbaje kamar tsohuwar tsintsiya.

"Baba, wa ya ɗaure ta?" in ji likitan.

"Ni."

"Ina aka ajiye ta?"

Aka faɗa masa. Ya ajiye hoton.

"Baba, ku gafarce ni. Duhun nan bai taɓa warkar da kowa ba. Manoma kuka riƙa kwantarwa, mutanen da suka shigo da ranar shekara guda a jikinsu. Hutu ya warkar da su. Waɗannan ɗiya babu komi a jikinsu, kuka ƙara rufe su."

"Likita, ubanka ma a ɗakina ya kwanta, shekarar da jaki ya kada shi. Da ƙafarsa ya je neman auren uwarka."

"Ya faɗa mani. Ya ce bai taɓa shan nono irin na gidanku ba."

Malam Barau ya ce saura kwana talatin da ɗaya, kuma akwai alkawarin mamaci a wuyansa. Likitan ya ce ba shi da ikon hana shi. Ya ce a shekarunta, in ta sami magani da rana da nono, ƙafafun za su iya miƙewa da kansu. In ta koma ɗakin, ba ƙafar yake ji ba, jijjiga ta gaba yake ji.

Kwano huɗu

An sallami Larai bayan kwana uku. Da la'asar ɗin ranar Malam Barau ya zauna a ƙofar ɗakin ɗori da sababbin kara a gabansa yana fiƙe su. Bilki na ɗaki ta rungume 'yarta. Asma'u ta shiga ta ciro ƙwaryar da ta taho da ita daga Mabai, ta kife ta a gabansa, a kan karan.

"Malam, kullum arba'in ɗin Baba, arba'in ɗin Baba. Ina ƙwaryar Baba?"

"Wannan ai abinci ne."

"Ni na riƙa damawa shekara talatin da tara. Wa ya taɓa kwana ɗakin nan bai shanye ta ba? Tun da Gide ya tashi, mi kake ba su? Ka riƙe duhu ka saki nono, tsofai-tsofai da kai."

Ya zauna yana kallon ƙwaryar har aka kira magariba. Daga baya ya faɗa wa Rabo cewa a zaman nan ya bi sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, da watan da aka kawo kowanne, da gidan da ya fito, bai sami ko ɗaya mai tsakar gida a buɗe ko saniya a turke ba. Ya ce abin da ya fi girgiza shi, hannunsa ya riga likitan faɗa masa tun ranar da ƙashin Adnan ya tsage, ya ƙi ji.

Washegari, 5 ga Nuwamba, 2022, bayan sallar asuba, ya aro tsani ya hau da kansa, yana da shekara saba'in da ɗaya, ya ɓanɓare fallen kwano huɗu daga rufin tsakar gidan. Alhaji mai gidan ya fito yana faɗa, yana tambaya ko ya haukace ne, ta nan za a hauro a kwashe su. Malam Barau ya amsa daga sama cewa shekara uku yana tsaron ƙofa, abin da ya cinye masa jikoki a cikin gida yake. Daga baya aka daidaita aka sa ragar ƙarfe a gurbin. Ya sauko ya fasa bulon da ya toshe tagar ɗakin ɗori. Da hantsi ya shimfiɗa tabarma a inda hasken ya faɗo, ya ɗauko Larai da Adnan ya zaunar da su daga su sai ɗan kamfai. Larai ta rufe ido da hannu biyu tana ihu.

"Tsoho, kashe wutar!"

Ba ta san mene ne ba. Bilki ta juya ta shige ɗaki.

Shekarun ƙarshe

Daga ranar bai sake rufe kowa ba. Ya sayar da baburinsa ya sayi akuya biyu masu shayarwa da zabi shida. Ya soke hanin ƙwai a gidansa. Asma'u ta riƙa daka busasshen kifi da ƙayarsa tana zubawa a miya, kamar yadda likitan ya nuna mata, ana kuma ba yaran maganin asibiti a kan lokaci.

A tsakanin Disamba 2022 da Maris 2023 ya bi sawun yara goma sha taran nan. Ya hau motocin haya da baburan 'yan acaɓa zuwa Daudawa da Faskari da Sabuwa, a hanyoyin da masu ƙarfi ma ke shakkar bi. A kowane gida magana ɗaya yake yi a tsaye, ba ya karɓar ruwa. Yakan ce shi ne Barau da ya ɗaure ɗansu, ya yi kuskure, duhun ya ƙara masa ciwo, a fitar da shi rana kowane hantsi, a nema masa nono da ƙwai, a kai shi asibiti. Ya sami goma sha huɗu. Uku iyayensu sun ƙara gaba ba a san inda suke ba. Biyu ya tarar sun rasu, ɗaya daga cikinsu da jijjiga. A Sabuwa mahaifin ɗaya daga cikin biyun ya rufe masa ƙofa a fuska, ya tsaya a waje ya ƙarasa maganarsa saboda ƙannen mamacin.

Wannan yawo ya rage masa daraja a idon da yawa. Waɗansu suka ce tsufa ne, waɗansu suka ce ya ci amanar ubansa. A majalisar ƙofar masallaci aka laƙaba masa Barau mai shanyar yara. Wani tsohon abokinsa yakan tare shi ya ce, "Malam, yau buhu nawa ka shanya? Ka dai riƙa juya su kada su ƙone." Yakan amsa, "Kawo naka jikokin, akwai sauran tabarma." Kafin daminar 2023 ta ƙare, mutumin ya kawo biyu. Rabo ya yi wata shida ba ya taya shi aiki saboda karya wasiyyar, sannan ya dawo. Game da alkawarin, Malam Barau ya je wa liman da tambaya sau ɗaya, ya yi abin da aka ce masa, bai sake tayar da zancen ba.

Larai ta taka a watan Afrilu na 2023. Zuwa ƙarshen 2024 sai wanda ya san ta a da ne zai gane ƙafarta ta taɓa lanƙwasa. Adnan ƙashinsa ya yi ƙarfi, ƙafar dama ta gyaru, amma ta hagu da ta karye ta haɗe a karkace, ta kuma fi ɗayar gajarta. Dakta Salahuddeen ya ce sai dai aiki a babban asibiti idan ya ƙara girma. Malam Barau ya sassaƙa masa sanda da hannunsa, kuma duk bayan wata shida yakan sassaƙa wata mai ɗan tsawo. Kullum da hantsi shi yake ɗaukar masa tabarma zuwa ƙofar gida. Ba a taɓa jin ya yi wasan kaka da jika da shi ba.

Rasuwa

Ya kwanta jinya bayan ƙaramar Sallah ta 1446, ciwon ƙirji, kwana goma sha biyu. Ya ce a fitar da shi tsakar gida, a ƙarƙashin ragar. A nan ya kira Rabo a gaban shaidu biyu, ya ba shi kayan ɗori da ƙwaryar, ya ce kowane ɗakin jinya a yi masa taga, kowane majinyaci a cika masa ƙwarya, yaro mai lanƙwasar ƙafa kuwa kada a ɗaure shi. Ya ƙara da cewa wannan ma, in an zo masa da hujja, ya duba.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 17 ga Afrilu, 2025, daidai da 19 ga Shawwal, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidan, aka binne shi a maƙabartar Ƙanƙara, domin hanyar Mabai ba ta biyuwa. Cikin masu ɗaukar makara akwai mutum biyar da ya taɓa yi wa ɗori. Mutumin Sabuwa bai zo ba.

Ya rasu ya bar matarsa Asma'u da 'ya'ya huɗu: Rabo, maɗori a Ƙanƙara, Halimatu Sa'adiya, tana aure a Daudawa, Fatima Zahra'u, tana aure a Faskari, da Mani, autansu, direban mota. Ya bar jikoki goma sha bakwai, cikinsu har da marayun Ɗanliti biyu. Allah ya yafe masa abin da ya yi bisa sani da wanda ya yi bisa rashin sani, ya haskaka makwancinsa.

Ranar sadakar uku tabarmi suka kasa, aka aiki Larai aro a maƙwabta. Ta tafi da gudu, ta dawo da gudu. Adnan yana zaune a ƙofar gida cikin rana, sandarsa a gefensa. Ta riga ta yi masa gajarta.